ƘANANAN GIDAJEN ABINCI A UNGUWAR WASAN KWAIKWAYO TA BIRNIN LANDAN

Da misalin ƙarfe biyar da rabi na yamma, lokacin da ma'aikatan ofisoshi suke tashi daga aiki a birnin Landan, wani irin cinkoso yakan fara a titunan da ke tsakanin dandalin Piccadilly da Aldwych. Jama'a sukan riƙa ɓullowa daga tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa rukuni-rukuni, kowa yana tafe yana duban agogo, domin saura awa biyu a ɗaga labule a gidajen wasan kwaikwayo. Kafin nan kuwa akwai wata bukata wadda ba ta ɗaguwa, watau ta ciki, sabili da wasan ba zai tashi ba sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma da ma an ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Masu hannu da shuni ba su da wata damuwa. Tun makonni kafin ranar sun riga sun kama tebur a manyan gidajen abinci irin su Rules, wanda aka buɗe a 1798, ko kuwa The Ivy, wanda ya fara a 1917. Sauran jama'a, watau ɗalibai, da ƙananan ma'aikata, da baƙi, da kuma ma'aikatan gidajen wasan su kansu, sai su nufi ƙananan gidajen abinci inda ba a tambayar mutum ko ya kama wuri, ba a kuma duban irin rigar da ya sa. Waɗannan ƙananan gidaje su ne suka daɗe suna riƙe da unguwar, amma tun daga shekarar 2007 shahararrun cikinsu suke ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa yawan 'yan kallo bai ragu ba.

UNGUWAR DA JAMA'ARTA

Ana kiran wannan yanki West End, watau ɓangaren yamma na tsakiyar birnin, kuma yawancinsa yana ƙarƙashin Majalisar Westminster ne. A cikinsa akwai manyan gidajen wasan kwaikwayo kimanin 40, a jere a titunan Shaftesbury Avenue, da Strand, da Haymarket, da Charing Cross Road, da St Martin's Lane. Mafi daɗewar tarihi a cikinsu shi ne na Drury Lane, inda aka fara wasa tun 1663. Akwai wasannin da suka shekara da shekaru ana nuna su, alal misali wanda Agatha Christie ta rubuta mai suna The Mousetrap, da aka fara a 1952, ba a kuwa dakatar da shi ba sai da annobar korona ta tilasta a watan Maris na 2020.

Bisa ga ƙididdigar ƙungiyar masu gidajen wasan kwaikwayo ta Landan, an shiga kallo a gidajen da ke cikinta sau miliyan 15.3 a 2019, kana adadin ya haura miliyan 17 a 2023. Idan aka raba wannan bisa ranakun shekara, za a ga ya wuce mutum 45,000 a kowace rana. Babban gida guda kamar Lyceum yana ɗaukar mutum wajen 2,000, kuma kusan dukkansu a lokaci ɗaya suke jin yunwa, a lokaci ɗaya kuma suke son su tashi daga kan tebur.

Unguwar ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijeriya da suka taɓa zuwa Ingila karatu ko kwas. Ofishin Jakadancin Nijeriya yana titin Northumberland Avenue ne, kusa da gidan wasa na Playhouse, tafiyar 'yan mintoci daga dandalin Trafalgar. A ɗaya gefen kuma, a Aldwych, akwai ginin Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, ya yi shekaru masu yawa yana aiki har zuwa 2012. Saboda haka duk wanda ya je sabunta fasfo ko kuwa ya kai ziyara gidan rediyon a wancan zamani, ya taka waɗannan tituna, wataƙila ma ya nemi abin da zai sa a bakinsa a cikinsu.

SANA'AR DA AGOGO KE MULKI

Abin da ya bambanta gidan abinci na wannan unguwa da na sauran wurare shi ne lokaci. Yawancin wasannin dare da ƙarfe bakwai da rabi ake fara su, wanda ya makara kuwa akan tsayar da shi a waje har sai an sami wata gaɓa a cikin wasan da shigarsa ba za ta dami kowa ba. Don haka mai cin abinci ba ya son a ɓata masa ko minti goma. Wannan ne ya haifar da wata al'ada da ake kira abincin kafin wasa. Daga ƙarfe biyar zuwa wajen shida da rabi, gidan abinci yakan fito da wata gajerar takarda mai ɗauke da abinci iri uku ko huɗu kawai, a kan tsayayyen farashi wanda bai kai na sauran lokuta ba. Mutum ya zaɓi miya ko ganye ya fara da shi, sa'an nan babban abinci, in yana so kuma ya ƙara da ɗan abin zaƙi.

Rangwamen yana da dalilinsa na kasuwanci. Idan abincin da za a zaɓa kaɗan ne, kuku zai iya shirya mafi yawansa tun da rana, ya rage sai ɗumamawa da zubawa, asarar kayan miya kuma ta ragu. Bugu da ƙari, teburin da aka tashi daga kansa da ƙarfe bakwai za a iya sake sayar da shi da ƙarfe takwas ga waɗanda ba kallo suka zo ba, a kuma sake sayar da shi bayan ƙarfe goma ga waɗanda suka fito daga kallo. Alal misali, gida mai kujera 40 idan ya cika sau uku a dare ɗaya ya ciyar da mutum 120 ke nan, amma in sau ɗaya ya cika, to da wuya cinikin ya biya haya da albashi. A wannan sana'a ribar tana cikin sau nawa kujera ta sauya mai zama a kanta.

Shi ya sa mai sabis a irin waɗannan gidaje yakan fara da tambayar baƙo ko kallo za shi, da kuma ƙarfe nawa ake fara wasan. Gogaggen mai sabis ya san tafiyar minti nawa ce daga ƙofarsu zuwa kowane gidan wasa na kusa, yakan kuma kawo takardar kuɗi tun ba a nema ba. Baƙon da bai saba ba zai ɗauka korarsa ake yi, alhali taimakonsa ake yi don kada ya yi asarar tikitin da ya fi abincin tsada nesa ba kusa ba. Da ƙarfe bakwai da kwata ta yi sai ka ga ɗakin da ya cika maƙil ya zama wayam, sai kwanuka da kofuna a kan tebura.

MASU CI DON SU YI AIKI

Ga ɗan kallo, cin abinci a wannan unguwa shaƙatawa ce ta dare ɗaya. Amma akwai dubban mutane da unguwar ce wurin neman abincinsu. Bayan 'yan wasan da ake gani a kan dakali, akwai makaɗa, da masu kula da fitilu da na'urorin sauti, da masu sauya kayan dakali, da teloli da masu guga, da masu sayar da tikiti, da masu nuna wa 'yan kallo kujerunsu. A bisa al'ada sau takwas ake yin wasa a mako, domin a ranaku biyu, galibi Laraba ko Alhamis da kuma Asabar, akan yi na rana da ƙarfe biyu da rabi sa'an nan a sake yin na dare.

A irin waɗannan ranaku wasan rana yakan tashi wajen ƙarfe biyar, ƙa'idar aiki kuma ta ce kowane ɗan wasa ya kasance cikin gini minti 35 kafin a ɗaga labule, watau da ƙarfe bakwai saura minti biyar. Tazarar da ke tsakani ba ta isa mutum ya je gida ya dawo ba, tun da yake ƙananan ma'aikata ba su iya biyan hayar ɗaki a tsakiyar birni, a unguwanni masu nisa suke zaune. Abin da suke bukata shi ne wuri na kusa, mai abinci mai zafi, mai araha, inda za su zauna su huta ƙafafunsu ba tare da an matsa musu ba. Sunayen taurari ne ake rubutawa da fitilu a bakin ƙofa, amma mafi yawan 'yan wasa aikinsu na ɗan lokaci ne, idan wasa ya tsaya sai su zauna ba albashi, kuma da yawa daga cikinsu su ne ke komawa aikin sabis a waɗannan gidajen abinci kafin wani wasan ya samu.

YADDA ABIN YA FARO

Kamfanin J. Lyons ne ya fara nuna cewa ana iya ciyar da talakan birni a wuri mai tsabta da kyan gani a sami riba. Ya buɗe shagonsa na shayi na farko a titin Piccadilly a 1894, kana a 1909 ya buɗe wani katafaren gidan abinci a Coventry Street mai hawa-hawa, wanda ke ɗaukar dubban mutane a lokaci guda, ga makaɗa suna kiɗa ana ci. Ya ƙara wani a Strand a 1915. Akawu da budurwarsa, ko iyali da suka zo daga ƙauye don kallon wasa, sukan shiga can ba tare da fargabar farashi ba. Waɗannan manyan gidaje sun yi zamaninsu, na ƙarshensu ya rufe a 1977.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai baƙi 'yan ci-rani suka karɓi ragamar sana'ar. Mutanen Italiya suka buɗe ƙananan shagunan gahawa da taliya a unguwar Soho, kamar Bar Italia a 1949, da New Piccadilly a 1951, wanda ke titi ɗaya da gidan wasa na Piccadilly. Daga shekarun 1960 kuma mutanen Sin, yawancinsu daga Hong Kong, suka taru a Gerrard Street da kewayenta, a bayan Shaftesbury Avenue, har wurin ya zama unguwar Sinawa. A can ne gidan abinci na Wong Kei ya yi suna wajen araha da sauri, da haɗa baƙin da ba su san juna ba a tebur ɗaya, da shayi kyauta, da kuma masu sabis waɗanda ba su da lokacin dogon gaisuwa. Shi kansa ginin da yake ciki a Wardour Street yana da alaƙa da wasan kwaikwayo, domin asalinsa shagon wani mai yi wa 'yan wasa gashin kanti da tufafi ne, kuma shahararriyar 'yar wasan Faransa, Sarah Bernhardt, ita ta aza harsashinsa a 1904.

Har ila yau akwai 'yan rumfunan katako masu koren fenti da wata ƙungiyar taimako ta fara ginawa a 1875 domin direbobin karusar haya su sami wurin shan shayi. Guda 13 ne suka rage a birnin, ɗaya daga cikinsu yana Embankment Place, daf da Ofishin Jakadancin Nijeriya. Direbobin tasi ne kaɗai ke zama a ciki, amma kowa yana iya tsayawa a bakin taga ya sayi shayi da burodi.

GIDAJE BIYU DA AKA YI WA FAFUTUKA

A shekarar 1965 wani Bayahude ɗan asalin Iraƙi ya buɗe ƙaramin shago mai suna Gaby's a Charing Cross Road, kusa da gidan wasa na Wyndham's. Abincinsa shi ne naman sa da aka jiƙa a ruwan gishiri, da ganyayyaki iri-iri, da wani irin ƙosai na Larabawa wanda alhazai suka sani da sunan ɗa'amiyya. Bangon shagon cike yake da hotunan 'yan wasan da suka ci abinci a ciki da takardun tallar wasanni. Ginin kuwa mallakar kamfanin iyalin Salisbury ne, wani tsohon gidan sarauta da ya mallaki filaye a wannan yanki tun ƙarni na 17.

A 2011 masu ginin suka nemi su tashi shagon domin su ba wani babban kamfani mai rassa da yawa, Majalisar Westminster kuma ta ba da izinin gyaran da ake bukata. Sai 'yan wasa suka tashi haiƙan. Fitattu irin su Simon Callow da Vanessa Redgrave suka goyi bayan shagon, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, jaridu suka ɗauki maganar, har masu ginin suka janye. Shagon ya ƙara shekara bakwai yana ciniki, amma a ƙarshen Oktoba na 2018, bayan tsufa ya kama mai shi, aka rufe shi bayan shekara 53.

Na biyun shi ne India Club da ke lamba 143 a titin Strand. An kafa kulob ɗin a 1951 a ƙarƙashin jagorancin Krishna Menon, jakadan Indiya na farko a Ingila, kuma Firayim Minista Nehru yana cikin waɗanda suka kafa shi. Ya koma Strand a 1964. Sai mutum ya hau wata ƙunƙuntar matattakala kafin ya iske ɗakin cin abincin, mai tsofaffin tebura da hotunan shugabannin gwagwarmayar 'yancin Indiya a bango. Abincin da aka fi saninsa da shi har da wata faffaɗar waina ta ƙullun shinkafa mai tsami, mai kama da sinasir, da ake naɗe dankali a cikinta. Masu zuwa wurin sun haɗa da ɗaliban King's College da na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, da ma'aikatan Ofishin Jakadancin Indiya, da lauyoyi, da 'yan jaridar Bush House, da kuma 'yan kallo masu zuwa gidajen wasa na Aldwych da Strand.

Masu wannan gini su ma sun nemi su mai da shi otal na zamani. Mutum fiye da 26,000 suka sa hannu a takardar koke, kuma a 2018 Majalisar Westminster ta ƙi ba da izini, bisa hujjar muhimmancin wurin ga tarihi da al'ada. Amma a cikin wannan shekara hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila ta ƙi sanya ginin cikin jerin waɗanda doka ta kare. Masu ginin suka bi ta hanyar yarjejeniyar haya, daga ƙarshe India Club ya rufe a watan Satumba na 2023. Kafin waɗannan biyu, New Piccadilly ya riga ya rufe a 2007, kana a 2015 aka rasa Stockpot na Old Compton Street, wanda ɗalibai suka dogara da shi shekara da shekaru, da kuma Food For Thought na Covent Garden, gidan abincin marasa cin nama, wanda ya shekara fiye da 40 kafin tsadar haya ta fi ƙarfinsa.

INDA GIZO KE SAƘA

Babu ɗaya daga cikin waɗannan gidaje da ya rasa masu saye. Matsalar ita ce kusan babu mai ƙaramin gidan abinci a unguwar da ya mallaki ginin da yake ciki. Filayen suna hannun tsofaffin gidajen sarauta, da hukumar kula da kadarorin masarautar Ingila, da manyan kamfanoni kamar Shaftesbury Capital, wanda ya samu daga haɗewar kamfanoni biyu a 2023, ya kuma mallaki babban ɓangare na Covent Garden da unguwar Sinawa. A al'adar hayar shaguna a Ingila, akan sake duba kuɗin haya duk bayan shekara biyar, kuma yawancin yarjejeniyoyin sun tanadi cewa kuɗin yana iya hawa ko ya tsaya inda yake, amma ba ya sauka. Ana auna sabon kuɗin ne da abin da maƙwabta suke biya. Saboda haka idan babban kamfani ya kama shagon da ke kusa a kan kuɗi mai yawa, hayar mai sayar da taliya ita ma ta tashi, ko da farashin kwanonsa bai tashi ba. Harajin da ake biya a kan shaguna shi ma bisa darajar hayar ake ƙiyasta shi. Lamarin sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai dokar 1954 wadda ta ba ɗan kasuwa mai haya ikon sabunta yarjejeniyarsa idan ta ƙare, amma dokar ta bar wa mai gini ƙofa, watau yana iya ƙin sabuntawa in ya nuna cewa zai rushe ginin ko zai yi masa babban gyara. Ta wannan ƙofa ce ƙananan shaguna da dama suka fita. Gidajen wasan kwaikwayo kuwa ba haka abin yake gare su ba. Dokar 1976 ta kafa wata hukumar amintattu wadda dole ne a nemi shawararta kafin a taɓa duk wani gidan wasa, kuma yawancin na West End suna cikin jerin gine-ginen tarihi da ba a rushewa. Hukuma ta kare dakalin wasa da kujerun 'yan kallo, amma ba ta yi tanadi irin wannan ga teburin da masu aikin suke cin abinci a kai ba.

Tarihin Covent Garden ya nuna wani ɓangare na wannan al'amari. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar birnin Landan ta tsara rushe yawancin unguwar domin ta gina manyan hanyoyi da dogayen benaye bayan an tashi kasuwar kayan lambu. Mazauna wurin suka kafa ƙungiya a 1971 suka yi tsayin daka, kuma a 1973 Ministan Muhalli, Geoffrey Rippon, ya sanya gine-gine kimanin 250 cikin jerin na tarihi, shirin ya wargaje. Kasuwar ta koma Nine Elms a 1974, aka gyara tsohon gininta aka buɗe shi a 1980 a matsayin wurin shaguna. An ceci gine-ginen, unguwar ta yi kyau, masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara, kuma wannan kyan ne ya ɗaga darajar haya har ta kori irin shagunan da 'yan dako da direbobin kasuwa suke karyawa a cikinsu da asuba.

Annobar korona ta ƙara dagula lamarin. An rufe gidajen wasa a ranar 16 ga Maris, 2020, ba a kuma yarda su cika kujerunsu ba sai 19 ga Yuli, 2021. A wannan tsakani aka ga yadda sana'o'in biyu suka dogara da juna, domin da labule ya daina ɗagawa sai titunan suka zama kufai. Gwamnati ta rage harajin da ake ɗorawa a kan abincin da aka ci a waje daga kashi 20 cikin ɗari zuwa kashi 5, ta kuma biya rabin kuɗin abincin jama'a, har zuwa fam 10 ga kowane mutum, a wasu ranaku na watan Agusta na 2020. Amma harajin ya koma kashi 20 a watan Afrilu na 2022. Ficewar Ingila daga Tarayyar Turai kuma ta tsayar da shigowar matasan Italiya da Sifen da Poland domin yin aiki ba tare da biza ba daga farkon 2021, alhali suna da yawa a aikin sabis da na kicin.

ABIN DA BAƘO YA KAMATA YA SANI

Duk da haka ba a rasa wurin cin abinci mai sauƙin kuɗi a unguwar ba. Manyan kamfanoni masu rassa sun cika gurbin, kuma ba za a ƙi yaba musu ba wajen tsabta da tsayayyen farashi. An kuma sami sabon salo na tara masu sayar da abinci da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya, kamar kasuwar Seven Dials da aka buɗe a 2019 a wani tsohon sito na ayaba, inda kowa zai sayi abin da yake so ya zauna a dogon benci. Unguwar Sinawa tana nan, haka kuma akwai wurin cin abinci a ƙarƙashin majami'ar St Martin-in-the-Fields a dandalin Trafalgar, wanda ribarsa take tafiya ga ayyukan majami'ar.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ya sami kansa a wurin zai amfana da sanin wasu ƙa'idoji. Akan liƙa takardar farashi a bakin ƙofa, don haka ya karanta kafin ya shiga. Gidaje da yawa sukan ƙara ladan hidima, galibi kashi 12.5 cikin ɗari, watau abincin fam 20 zai koma fam 22.50, in kuwa an riga an ƙara to babu bukatar wani tukwici. Tun daga 1 ga Oktoba, 2024, doka ta wajabta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata wannan kuɗi gaba ɗaya. Ruwan famfo kyauta ne ga mai saye a duk gidan da ke da lasisin sayar da barasa, an kuma hana shan taba a cikin ɗaki tun Yuli na 2007. Musulmi ya kamata ya yi tambaya kafin ya zaɓa, musamman a gidajen Sinawa da na Italiya inda naman alade da giya suke shiga girki da yawa. Kifi, da abincin marasa cin nama, da gidajen Indiyawa da Larabawa da Turkawa masu shaidar halal, su ne mafita, kuma masu sabis sun saba da irin wannan tambaya. Wanda yake son tikiti mai rangwame kuwa, akwai rumfar da ƙungiyar masu gidajen wasa ta buɗe a dandalin Leicester tun 1980 domin sayar da tikitin wasannin ranar.

ABIN LURA

Abin da aka rasa da rufewar gidaje irin su Gaby's da India Club ya wuce araha kawai. A irin waɗannan wurare ne babban ɗan wasa da mai share dakali suke zama kafaɗa da kafaɗa, mai shago ya san kowa da sunansa, ya kuma san wanda aikinsa ya tsaya. Reshen babban kamfani, wanda manajansa da ma'aikatansa suke sauyawa a kai a kai, ba shi da wannan sani, ba shi kuma da ikon ɗaga wa kowa ƙafa.

A watan Yuli na 2025 gwamnatin Ingila ta gabatar wa majalisar dokoki ƙudurin da ya ƙunshi hana sanya sharaɗin nan na hayar da ba ta sauka a cikin sababbin yarjejeniyoyi, abin da ke nuna cewa hukuma ta fara gane inda ciwon yake. Ga ma'aikatan tsara birane da ɗaliban da ke nazarin wannan fanni, darasin da ke cikin labarin West End shi ne cewa unguwa ba ta tsayuwa da manyan gine-ginenta kaɗai. Idan makaɗi da tela da mai kula da fitila suka kasa samun abincin da aljihunsu zai ɗauka a tsakanin wasan rana da na dare, idan kuma ɗalibi ya ga cewa kuɗin tikiti da na abinci sun fi ƙarfinsa ya zauna a ɗakinsa, to sannu a hankali gidajen wasan ma za su ji a jikinsu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.